Wanda ya rasu yana kan maganin ƙanjamau, sakacinsa ne?

Mai Kemis: Salamu alaikum jama'a. Magana ɗaya zan yi, wanda zai ji haushi ya ji. Yau maganin ƙanjamau kyauta ne a asibitin gwamnati, ƙwaya ɗaya tak a rana. Duk wanda kuka ga ya rasu bayan an ɗora shi a kan magani, in ba hatsarin mota ya yi ba, to wasa ya yi da shan maganin. Ajali na Allah ne, amma sanadin sakaci ne.

Anti Nas: Wa alaikumus salam. Malam, hukuncin nan ya yi tsauri, kuma ba haka muke gani a ɗakin kwanciya ba. An fi rasa mutane a watanni 3 zuwa 6 na farkon fara magani, kuma da yawansu ko ƙwaya ɗaya ba su tsallake ba. Halin da suka zo a ciki ne matsalar. Mutum ya shekara yana zawo da zazzaɓi, an ce jifa ne, an sha rubutu, an yi turare, sai da ya kasa tashi aka ɗauko shi ranga-ranga. Ga rama, ga ƙarancin jini. A auna CD4, wato sojojin garkuwar jiki, a tarar bai kai 50 ba, alhali mai lafiya yana da 500 zuwa sama. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, babban mutum da ya zo ƙasa da 200 cutar ta riga ta yi nisa.

Mai Kemis: To ai jinkirin zuwan ma sakaci ne, Anti.

Anti Nas: Ka sauya magana ke nan. Ɗazu rashin shan magani ka ce.

Baba Alhaji: Ku dakata 'ya'yana, ni tambaya gare ni. A unguwarmu akasin maganar Mai Kemis ake faɗa. Cewa ake maganin ne yake ƙarasa mutum, don an sha ganin wanda yana ɗan lallaɓawa, daga fara sha sai jiki ya rikice. Likita, mene ne gaskiyar wannan?

Likita: Ranka ya daɗe, abin da suka gani gaskiya ne, fassarar ce ba daidai ba. Wanda garkuwarsa ta karye sosai yakan zo da wata cuta a ɓoye, galibi tarin fuka, jiki ba shi da ƙarfin da zai nuna alama. Da magani ya fara aiki garkuwa ta farfaɗo, sai ta afka wa cutar, zazzaɓi ya tashi, ƙululu su kumbura, numfashi ya yi wuya. Tarin fuka shi ne kan gaba wajen kashe masu HIV a duniya. Bayansa akwai wani sanƙarau da ƙwayar Cryptococcus ke haddasawa, ba irin na lokacin zafi da muka sani ba, da ciwon kai mai naci yake farawa.

Nan ne ma na rabu da Mai Kemis. Mai tarin fuka ana fara masa maganin HIV cikin mako 2 da fara na tarin. Mai wancan sanƙarau kuwa sai an jira mako 4 zuwa 6, domin binciken da aka yi a Yuganda da Afirka ta Kudu, aka wallafa a 2014, ya nuna waɗanda aka gaggauta wa sun fi mutuwa. Idan asibiti bai bincika ba ya miƙa kwalba, mutum ya sha bisa ƙa'ida ya rasu, sakacin wa za a ce?

Akwai kuma binciken REALITY na 2017 a Yuganda, Zimbabuwe, Malawi da Kenya, kan masu CD4 ƙasa da 100. Duka an ba su maganin HIV da Septrin. Waɗanda aka ƙara wa isoniazid da fluconazole da wasu magungunan rigakafi, kashi 8.9 cikin ɗari suka rasu cikin mako 24, sauran kuma kashi 12.2. Bambancin daga hannun mai ba da magani ya zo.

Hajiya Mai Ba da Shawara: Likita, ban ƙi taka ba, amma kada a yi wa Mai Kemis taron dangi. Ku kuna magana kan watannin farko, ni kuwa masu shekara biyu, uku nake bi. Mutum ya murmure, ya yi ƙiba, sai wani mai magani ya ce ya warke. Ko a gwada jini a ce ba a ga ƙwayar cutar ba, ya ɗauka sallama ce. Wata tana ɓoye kwalba don kada kishiya ta gani, ranar da maigida yake ɗakinta ba ta sha. Wani ya tafi cirani Legas bai karɓi takardar canjin asibiti ba. Su ne suke dawo mana a kwance, kuma ba kaɗan ba ne.

Mai Kemis: Allah ya saka, Hajiya. Abin da nake faɗa ke nan.

Hajiya Mai Ba da Shawara: A'a ƙanena, ba shi ba ne. Matar da ke tsoron saki ba wasa take yi ba.

Direba: Ni kalmar kyautar nan ce ta tsaya mini. Ƙwayar kyauta ce, kuɗin mota fa? Hoton ƙirji fa? Ga wuni guda a layi, mai aikin yini ya rasa na cefane. Kuma ku lura da mu maza. Mace ana gano tata a wajen awon ciki tun tana da ƙarfinta. Namiji me zai kai shi asibiti in ba an ɗauke shi ba?

Anti Nas: Yaya, ka taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Mata sun fi yawa a rajista, amma a cikin masu shan magani maza sun fi saurin rasuwa, kuma haka binciken ƙasashen Afirka da dama ya nuna. Batun layi an rage shi, wanda gwajin jininsa ya nuna ƙwayar cutar ta kwanta ana ba shi na wata 3 har zuwa 6 a lokaci guda.

Mai Kemis: Duk na ji. Amma tun 2016 Najeriya ta koma tsarin da an gwada an gani sai a fara magani, ba jiran CD4 ya faɗi. Ƙofa a buɗe take. Wanda bai shiga ba fa?

Likita: To bari in zo shagonka, Malam. Ƙwayar da ake bayarwa yanzu, TLD, akwai dolutegravir a ciki. Rifampicin na maganin tarin fuka yana rage ƙarfinsa a jini, shi ya sa ake ƙara wa mai shan su tare wani dolutegravir 50mg bayan awa 12. Wanda ya ɓoye wa masu ba shi maganin tari cewa yana da HIV ba zai samu ƙarin ba. Haka farin ruwan nan na gyambon ciki mai magnesium ko aluminium, yana hana jiki tsotse shi, sai dai a sha TLD awa 2 kafin ko awa 6 bayan. Ƙwayar ƙarin jini ma haka take in ba da abinci aka haɗa ba. Mutum nawa ka sayar wa waɗannan a makon nan? Ka tambaye su abin da suke sha?

Mai Kemis: Haba Likita, wa zai tsaya gaban kanta, mutane na jiran canji, ya ce mini yana shan TLD? Ko na tambaya, cewa zai yi aiko shi aka yi.