Wane suna za mu ba “core memory” da Hausa?

Jama'a, ina neman shawara. Masu sha'awar lantarki sun dawo da haɗa tsohuwar ma'adanar kwamfuta da hannu a gida, wadda Turawa ke kira magnetic core memory, kuma ina so mu tsayar mata da suna kafin kowa ya kira ta yadda ya ga dama.

Ga yadda abin yake. 'Yan ƙananan zobba ne na ferayit, wato garin tsatsar ƙarfe da aka gauraya da wasu sinadarai aka gasa. Wasu ba su kai milimita 1 ba. Ana zura musu siraran wayoyi, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Kowane zobe bit ɗaya yake riƙewa, wato ƙwayar bayani mafi ƙanƙanta, 1 ko 0: in maganaɗisun cikinsa ya kewaya ta dama, 1 ke nan, in ta hagu, 0. Wayar tsaye tana ɗaukar rabin wutar da ake buƙata, ta kwance ma rabi, saboda haka maganaɗisun zoben da ke mahaɗarsu ne kaɗai zai juya, sauran ko gezau. Jay Forrester na jami'ar MIT a Amurka ya fito da wannan dabara, aka sa ta a kwamfutar Whirlwind a 1953, ta yi ta aiki a duniya har shekarun 1970.

An ce mini “ƙwaƙwalwar maganaɗisu”. Ban yarda ba. Kaset ma da maganaɗisu yake ajiye murya, haka faifan cikin kwamfuta. Sunan ya yi faɗi.

Wani malami ya kawo “ma'adanar tsakiya”, kuma na ji daɗinta ƙwarai. Core ai tsakiyar abu ce, sannan tsakiya dutsen ado ne da ake hudawa a zura wa zare, kamar dai zobban nan. Sai dai karin sautin kalmomin biyu daban ne, mu kuma ba ma sa alamar sauti a rubutu. Ɗalibi zai ɗauka ana nufin ma'adanar da ke tsakiyar na'ura, ya wuce bai san akwai abin da aka zura ba. Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, wannan ne ya hana ni ɗauka.

Ni abin da na tsaya a kai shi ne “ma'adanar zobban maganaɗisu”, a taƙaice “ma'adanar zobba”. Wanda ya taɓa riƙe allon da ake jera zobban a kai a hannu ya san zobban ne komai. Mai haɗawa a gida, ko da zobba 8 sau 8 ne don ya sami bit 64, a kansu zai fara shan wuya: zoben ferayit na rage ƙarar waya da ake cirewa daga tsofaffin kaya ba ya aiki, sai irin wanda maganaɗisunsa ke tsayawa cak inda aka juya shi. Shi ya sa ko an ɗauke wuta bayanin yana nan. Kalmar ma'adana ta dace da wannan hali fiye da ƙwaƙwalwa.

Aikin zura wayar kuwa mu bar shi a “saƙa”. Da hannu ake yi, kuma mata ne suka yi mafi yawansa a masana'antu.

Saura waya ta uku, wadda ke ratsa duk zobban. Wajen gwaji ita ake jona wa osiloskop, na'urar da ke nuna bugun wuta a kan allo. In kana son karanta zobe, sai ka tura masa 0. In da 1 ne a ciki zai juya, wayar nan ta ɗauko ɗan bugun wuta na 'yan milivolt, wato wuta mai rauni ƙwarai. In 0 ne, kusan shiru. Wato karantawar tana goge abin da aka ajiye, dole a sake rubuta shi nan take. Na rubuta “wayar sauraro” a littafina, wani ya ce “wayar ji” ta fi sauƙi a baki. Masu gyaran rediyo da malaman fiziks, wacce ta fi zauna muku?