Ƙarfen gyaran haƙori yana ta ɓallewa: laifin gam ne?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata huɗu ke nan da sa wa 'yata wayar gyaran haƙori, amma sau uku ɗan ƙarfen da aka manna a haƙorinta na ƙasa, dab da turmi, yana ɓallewa. Kullum shi ɗin dai. Na fara zargin gam ɗin ba mai kyau ba ne. Don Allah wanda ya taɓa fama da wannan ya ba mu labari.

Ɗan Zazzau: Wa alaikumus salam Hajiya. Shekara biyu na yi da ita, sau biyu ya ɓalle min, ranar da na sha rake da ranar da na ci ƙuli-ƙuli. Da na haƙura da su, har da aya da gasasshiyar masara, shi ke nan. Ki tambaye ta abin da take ci a makaranta.

Anti Mai Jinya: Maman Ilham, ni nake riƙe wa likita kaya in ana wannan aiki, abin da na fi gani kuwa yawu ne. Ana shafa wa haƙori asid ɗin fosforik mai ƙarfin kashi 37 cikin 100 na daƙiƙa 15 zuwa 30, a wanke, a busar har wurin ya yi fari kamar alli. Asid ɗin ƙananan ramuka yake buɗewa waɗanda ido ba ya gani, gam ya shiga ya kama. Sannan a ɗora ƙarfen, a haska shuɗiyar fitila ya daskare. To in harshen yaro ya taɓa wurin kafin a gama, yawu ya toshe ramukan, ƙarfen zai zauna kamar ya kama, bayan kwana kaɗan ya faɗo. Haƙoran ƙasa na can ciki nan yawu yake taruwa. Gam ɗin Transbond XT da muka fi amfani da shi busasshen wuri yake so. In wuri ya ƙi bushewa, likitanmu yakan koma wani gam mai suna Fuji Ortho LC, ya fi jure danshi, ko da yake bai kai wancan riƙo ba.

Ɗalibin Haƙori: Ni ma na sa, kuma na tambayi malaminmu me ya sa ba a yin gam da ba zai taɓa saki ba. Ya ce ai wata rana cirewa za a yi. Tun 1975 wani mai bincike, Reynolds, ya kawo ma'aunin da har yanzu ake ambata, riƙon megafaskal (awon ƙarfin riƙon gam) 6 zuwa 8 ya wadatar. In ya yi ƙarfi fiye da kima, ranar cirewa yana iya tahowa da ɓawon haƙori, musamman in fararen nan na tangaran aka manna maimakon na ƙarfe, ɓawon kuwa ba ya sake tsirowa. Dabarar asid ɗin wani likitan haƙori, Michael Buonocore, ya fito da ita a 1955, wani kuma, George Newman, ya manna ƙarfe kai tsaye a haƙori a 1965. Kafin nan zobe ake zagaya wa kowane haƙori.

Bamaraɗe: Nawa haƙoran suna da dabbare-dabbaren yawan fuloraid na ruwan sha tun ina yaro. Ƙarafa uku suka ɓalle a watan farko. Likita ya ce irin wannan haƙori asid ba ya cin sa da wuri, sai ya ɗan goge saman, ya ƙara wa asid ɗin lokaci. Tun daga nan suka zauna.

Hajiya Babba: 'Yata, abu ɗaya zan roƙe ki, kada wani ya ce a ɗiga gam ɗin kasuwa. Jikana ya yi haka a ɓoye, ƙarfen ya zauna a karkace, dasashi ya yi ciwo, likita ta sha wahala kafin ta kankare. In ƙarfen yana sukar kumatu, kakin da suke bayarwa za a liƙa har a koma asibiti.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mun koma jiya. Likita ta sa ta haɗa haƙora, sai ga na sama yana sauka daidai kan ƙarfen, duk tauna sai ya buge shi. Ta sake mannawa, ta ɗora ɗan tudun gam a kan turame don cizon ya ɗaga kaɗan. Ilham kuma ta amsa tana sayen aya a ƙofar makaranta. An ba mu mako shida mu koma.