Shawarwari kafin a yi wa damben masu nauyi kwanan zaune

Masu bibiyar damben boksin a Samaru da Sabon Gari sun tattauna kan karawar neman kambun ajin masu nauyi da ake ta kururutawa, kuma akasarinsu sun ce kada a biye wa cika bakin 'yan dambe, domin wannan hanyar tallata tikiti ce. Abin dubawa shi ne irin abokan karawar da kowannensu ya doke kwanan nan, da shekarunsa, da kuma ko kambu huɗun nan na manyan hukumomin dambe na duniya, wato WBA da WBC da IBF da WBO, duk suna kan faifai, kamar yadda aka gani a Riyadh a watan Mayun 2024 lokacin da Usyk ya doke Fury da maki.

Wasu kuwa sun ja hankali cewa a wannan ajin naushi ɗaya yakan rushe lissafi, suka tuna yadda Ruiz ya kayar da Joshua a 2019 alhali ba a zaci Ruiz zai yi nasara ba. A ganina, hujjarsu ta fi ƙarfi. An kuma shawarci masu gidajen kallo su tanadi man janareta, saboda babban wasa yakan kai tsakar dare.