Wa ya san inda ake samun horo da tallafin gina ɗakuna?

Maman Ikram: Assalamu alaikum jama'a. Mu nan Gadarif a Sudan mun haɗa lajna, wato kwamiti, ta mata da matasa a hillarmu, wato unguwarmu. Muna so mu riƙa ɗaga wa mutanen da yaƙi ya koro daga Madani da Sinja ɗaki ɗaya-ɗaya, waɗanda har yanzu ba su da halin komawa, haya kuma ta fi ƙarfinsu. Ba mu da komai sai sanduk, wato asusun da muke zubawa. Wa ya san munazzama, wato ƙungiyar agaji, da ke koya wa irinmu aiki, ko ta ba da tallafi?

Ustaz: Wa alaikumus salam. Kun yi rajista a Mufawwadiya, hukumar gwamnati mai kula da aikin agaji?

Maman Ikram: Tukuna dai, Malam.

Ustaz: To daga nan za ku fara, Hajiya. Dokar aikin sa-kai ta 2006 ta ce sai kun kai mutum 30, da rubutaccen tsarin ƙungiya, da takardar zaman da kuka zaɓi shugabanni. In babu shahadar rajista, wato takardar shaida, banki ba zai buɗe muku asusu da sunan ƙungiya ba, kuma babu mai tura kuɗin tallafi cikin Bankak ɗin mutum ɗaya, wato asusunsa na banki a waya. Kowace shekara ake sabunta ta, kada ku manta da wannan.

Ɗan Kasala: Mutum 30 ai a gidan Baban Mus'ab kaɗai za a same su.

Baban Mus'ab: Kai dai ba ka girma. Hajiya, bari in faɗa miki abin da ya faru a unguwarmu, don kafin kuɗi akwai abin da ya fi kuɗi. Bara wata munazzama ta zo, ba zan kama suna ba, ta ce za ta gyara ɗakunan da aka sauke 'yan gudun hijira a cikin gidajen mutane. Suka kawo siminti da zinki da ƙofofin ƙarfe, mu kuma muka fito nafir, wato aikin gayya, aka yi aiki kamar na gidan uba. Sharaɗin shi ne mai gida ya bar iyalin su zauna shekara guda ba haya. Da baki aka yi maganar, a tsaye, a ƙofar gida. Ba a rubuta ko layi ɗaya ba.

Akwai wata dattijuwa da jikokinta, iyayen yaran ba a san inda suke ba tun fitowarsu daga Jazira. Ɗakin da aka ba ta da can kangon jalus ne, wato ginin laka, awaki ke kwana ciki. Da mai gidan ya ga ya zama ɗaki mai rufin zinki da ƙofa mai makulli, damina ba ta ƙare ba ya ce ɗansa zai yi aure. Da idona na ga kayanta a bakin hanya: gadon angarib biyu, jarkokin ruwa, murhun gawayi, da buhun da ta ɗure tufafin yara. Ƙaramin yana zaune a kan jarka yana riƙe da allonsa. Muka je ofishin munazzamar, aka ce aikin ya rufe, ma'aikatan da suka zo mana an sallame su. Muka je wurin shehun hilla, tambayarsa ɗaya: ina takarda? Wallahi har yau abin na cina.

Saboda haka kada ku sauke buhun siminti ko ɗaya sai an rubuta yarjejeniya, mai gida ya sa hannu, shaidu sun sa, an faɗi wata nawa. Ku nemi ganin shahadar bahas, wato takardar da ke nuna mai filin, in filin na hiyaza ne, wato riƙo ba rajista, ku san haka tun farko. In gidan gado ne, duk magada su yarda, don wanda ke Saudiyya zai iya dawowa gobe ya ce ba da saninsa aka yi ba. Duk munazzamar da ta zo muku da kaya ba ta zo da wannan takarda ba, ku ce ta dakata.

Maman Ikram: Innalillahi. Yanzu tana ina, Yaya?

Baban Mus'ab: Limaminmu ya kafa mata rakuba, wato rumfa, a bayan masallaci.

Hajiya Inna: Allah ya saka masa da alheri. Shi kuma wancan, akwai ranar hisabi.

Magini: In dai horo ne, ku nemi na bulon ƙasa da ake matsewa da inji. UN-Habitat, hukumar matsuguni ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta koyar da shi sosai a Darfur. Ƙasa ce da yashi da ɗan siminti kaɗan, a matse a injin hannu, a jera a inuwa ana yayyafa ruwa har ya yi ƙarfi. Ba a gasa shi, ba ruwanka da itace kamar jan bulo. Mata ma suna iya aikin.

Kawu na Hilla: A ƙasar Gadarif? Magini, ka taɓa ganin yadda baƙar lakar nan ke tsagewa da rani har ƙafar yaro ta shige, da damina kuma ta kumbura? Bango mai nauyi shekara biyu ya dare. Kakanninmu ba wauta suka yi ba da suka zauna a guttiya, bukkarmu mai rufin ciyawa.

Magini: Kawu, matsalar harsashi ce, ba ta bulo ba. A haƙa da zurfi a cike da yashi da tsakuwa. Kuma ba da lakar nan ake buga bulon ba, sai an kawo ƙasar da ta dace.

Kawu na Hilla: Kuɗin motar da za ta kawo ƙasar fa? Da shi na ɗaga guttiya sukutum.

Magini: Gobara fa? In wuta ta kama ɗaya, layin duka ya tafi.

Ɗan Kasala: Ku biyun nan tun zancen rijiya kuke wannan faɗan.

Ummu Aiman: Ni na yi aiki da masu ba da tallafi a Bur Sudan, bari in sa baki. 'Yar uwa, babban asusun agaji na Sudan da ake kira SHF yana ƙarƙashin OCHA ne, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai tsara aikin agaji, kuma ƙungiyoyin gida suna samu, amma sai an bincika rajistarsu da littafin kuɗinsu da ayyukan da suka taɓa yi. Sabuwar lajna ba ta shiga kai tsaye. Hanyar da na ga tana ɓullewa ita ce ku raɓu da wata ƙungiyar gida da ta riga ta samu karɓuwa, ku yi aiki a ƙarƙashinta. Ku riƙa zuwa zaman masu aikin matsuguni, a can ake sanin wa ke aiki a wace mahalliya, wato ƙaramar hukuma. Horo kuma akwai na kyauta da Larabci a shafukan intanet masu suna Kaya da DisasterReady, a waya ake yi, har da na rubuta buƙatar tallafi da riƙe lissafi. Ku sauke littafin ƙa'idojin aikin agaji mai suna Sphere na Larabci ku karanta babin matsuguni. A ciki za ku ga cewa mafi ƙarancin wurin zama ga mutum ɗaya murabba'in mita 3.5 ne, kuma da wannan awon za a duba zanenku.

Maman Ikram: Allah ya biya ki. Intanet ɗin ne dai sai a hankali.

Ummu Aiman: Ku sa yarinya ɗaya mai natsuwa ta yi darussan da dare, ta koya wa saura. Kuma tun yau ku sayi littafi, ko ƙusa kuka saya a karɓi fatura, wato rasit, a manna.

Ustaz: Ku kai takarda Diwanin Zakka ma, na jihar.

Hajiya Inna: Ni dai ina ganin kada a zauna jiran kowa. Da nafir aka gina garin Mai Wurno, ba da munazzama ba.

Baban Mus'ab: Gaskiya ne Inna, amma lokacin ba a sayen siminti.

Kawu na Hilla: Abin da nake faɗa ke nan tun ɗazu. Guttiya ba ta cin siminti.

Magini: Kawu, ka zo ka ga ɗakin da na yi wa ƙanwata, damina uku ko tsaga babu.

Ɗan Kasala: Af, tunda ana maganar kayan gini, wa ya san nawa ake sayar da zinki a kasuwar Gadarif wannan makon? A nan kullum da sabon farashi.

Maman Ikram: Zan tambayi maigidan in ya dawo. Ummu Aiman, samfurin yarjejeniyar da Yaya ya ambata, kina da shi ki turo mana?

Ummu Aiman: Zan duba cikin tsohuwar wayata bayan Magariba in sha Allahu.