Gwajin saiwar tafashiya a kan ɓeraye

Ɗalibar_magani: Malamai, na jiƙa garin saiwar tafashiya a methanol (wani sinadarin jiƙo mai zuƙo magani daga tsiro) na tace. Ta ina zan fara gwada kashe zafi da sa barci?

Malam_Lab: Fara da gwajin guba tukuna, matakin farko na tsarin Lorke (hanyar gano adadin da ke cutarwa): 10, 100, 1000 mg/kg, wato miligiram a kowane kilo na nauyin ɓera. Sannan, don gwajin kashe zafi, ki ba ɓeraye abin da kika tace, bayan minti 30 ki yi musu allurar acetic acid (sinadarin tsami mai jawo ciwo) 0.6% a ciki, 10 ml/kg, ki ƙirga murɗewar ciki na minti 10.

Hajiya_Pharm: Hattara, ɓeran da barci ya kama ba ya murɗewa ko da ciwon na nan. Ɗora shi kan rotarod, wato sanda mai juyawa. In yana faɗowa, kasala ce. Barcin kuwa, haɗa da diazepam (maganin sa barci), ki auna tsawonsa.

Malam_Lab: Kafin ki ba ɓerayen, ki busar da methanol ɗin ƙarƙaf, ragowarsa ma yana kwantar da su.