Bene da Ƙasan Jirgi: Musayar Baitoci

Ɗan Alƙalami:
Daren jiya na sake kallon fim ɗin Titanic na 1997, labarin soyayyar Jack talaka da Rose 'yar gata a cikin jirgin ruwa, barci ya gagare ni.

Sun ce so bai san dukiya ba,
Bai san bene da ƙasan jirgi ba,
To me ya sa Jack bai tsira ba?
Ita kan katako, shi cikin ruwa.

Tikitin caca ya shigo da shi,
Ya koya mata 'yanci da bakinshi,
Ta ɗau darasin, har da sunanshi,
Ladan talaka a fim mutuwa.

Gimbiyar Baiti:
Yaya, kallonka na rabin ido ne,
Ka ga lu'ulu'u ka ce daɗi ne,
Sarƙar wuyan nan ai mari ne,
Mai ado da ita sunanta baiwa.

Uba ya mutu ya bar musu bashi,
Uwa ta ce ga attajiri, bi shi,
Wadda aka bayar don a biya shi,
Ita kake cewa tana inuwa?

Tauraruwa:
Allah ya ƙara basira, Gimbiya! Yaya, a naɗe tabarma haka nan.

Ɗan Alƙalami:
Ba inda za ni. A 1912 jirgin gaske ya nitse da mutum sama da 2,200, kwale-kwalen ceto 20 kacal, fiye da 1,500 suka halaka, kuma 'yan aji na uku sun fi 'yan bene shan asara.

Ƙanwata, kukan 'yar gata kike,
Kejin zinare a buɗe yake,
Na ƙasa kuwa a fim ƙofarsu a garƙame take,
Suna ihu babu mai jiyowa.

Malam Mai Aruli:
Ɗan Alƙalami, ɗangonka na uku ya zarce 'yan'uwansa da gaɓoɓi da yawa, ɗingishi yake. Sannan "bakinshi" da "sunanshi" ka lanƙwasa su ne don amsa-amo ya zauna.

Ɗan Alƙalami:
Malam, mutane na nitsewa, kai kana ƙirga gaɓa?

Malam Mai Aruli:
Ɗana, baitin da bai da awo,
Kwale-kwale ne mai yoyo.

Tauraruwa:
Gaskiyar Malam. Na Gimbiya ko gaɓa ɗaya bai karye ba.

Fasihin Zaure:
Son kai ne wannan, Hajiya. Ƙirga ɗangon "Uwa ta ce" ki gani.

Baƙon Dare:
Kwana biyu ba na nan, na tarar an bar jirgi an koma awo. Ku tuna fim ɗin Indiya, Bobby na Raj Kapoor, 1973:

Ɗan attajiri, ɗiyar masunci,
Uban yaro ya yi musu wulaƙanci,
Sai da suka faɗa ruwa don ƙunci,
Sannan iyaye suka yarda da haɗuwa.

Gimbiyar Baiti:
Ka ji, Yaya? Can mace ce talaka,
Ita ma ta sha irin azabar taka,
Ka bar auna ciwo da aljihunka,
Ɗaurin gida ma yana kashewa.

Ɗan Alƙalami:
Na ji ɗaurin, ban ƙaryata ki ba,
Amma Rose ta tsufa, Jack bai yi ba,
Shekara tamanin da huɗu bai gani ba,
Ki ba ni amsar wannan, ƙanwa.