Wa aka taɓa yi wa hoton CT na jijiyoyin zuciya?

Maman Biyu: Assalamu alaikum. Likita ya rubuta wa maigidana wannan hoton na CT (na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki), saboda ƙirjinsa na ɗaurewa in ya hau bene. Tunda ya ji za a ɗura masa rini a jini ya shiga damuwa. Don Allah waɗanda aka yi wa, yaya abin yake?

Dattijo: Wa'alaikumus salam. Ki ce masa ya kwantar da hankali, domin kwanciyar hankalin ma tana cikin aikin. Ni da na je bugun zuciyata ya haura 80, su kuma so suke ya sauko wajen 60, don in zuciya na sauri hoton dishi-dishi yake fitowa. Aka ba ni ƙwayar metoprolol, aka ce in zauna. Zaman nan ya fi hoton tsawo nesa ba kusa ba. Da aka shiga, suka manna mini wayoyi a ƙirji, suka ce in miƙa hannuwa sama da kai, aka fesa mini magani a ƙarƙashin harshe don jijiyoyin su buɗe. Sai murya ta ce in riƙe numfashi, daƙiƙa goma ko ƙasa da haka. Shi ke nan. Feshin ne dai ya bar ni da ciwon kai zuwa yamma.

Malama A.: Baba bai faɗi na rinin ba. Yana shiga ta kanula (ɗan bututun da ake sawa a jijiyar hannu) za ka ji ɗumi ya bi jikinka daga wuya har mara, bakinka ya yi ɗanɗanon ƙarfe. Wallahi na ɗauka fitsari na saki a gadon mutane! Ashe ba komai, kafin minti ɗaya ya wuce. Sai da suka auna ƙodata kafin ranar, saboda ita ke fitar da rinin, bayan an gama kuma aka ce in yawaita shan ruwa. Kofi da shayi an hana ni tun daren da ya gabaci ranar.

Ɗan Autan Gida: Anti, ki tabbata ya faɗa musu duk maganin da yake sha. Ni mai asma ne, saboda haka ba a ba ni waccan ƙwayar ba. Mai shan metformin don suga ya faɗa. Kuma, a yi haƙuri, mai shan maganin ƙarfin maza irin Viagra kada kunya ta hana shi magana, haɗuwarsa da feshin nan na iya faɗar da jini ƙasa warwas.

Tsohon Direba: Nawa bai zo da sauƙi kamar nasu ba. An fara da auna kalsiyam ɗin da ya taru a bangon jijiyoyin, wannan ba a sa rini. Sifili ake so, nawa ya wuce 400. Likita ya ce in kalsiyam ya yi yawa haka yana ƙyalli a hoton, sai toshewar ta yi kamar ta fi yadda take. Dole aka tura ni ɗaya gwajin, na zura siririn bututu ta wuyan hannu. Can aka ga jijiya ɗaya ce ta matse sosai, aka sa mata sitent (ɗan bututun raga mai riƙe jijiya a buɗe) nan take.

Dattijo: Allah ya ƙara lafiya, Malam. Nawa ya fito ba toshewa, kuma likitana ya ce a nan hoton ya fi ƙarfi: in ya ce babu, to da wuya a ce akwai. Ashe ciwon nawa daga tumbi yake tasowa, can aka koma nema.